Kada Ka Taɓa Gonar Zauro

Jidda, 3 ga Rajab, 1404

Zuwa ga ɗana Atiku,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da uwarka Laure da ƙannenka duka. Ni lafiya lau, sai gwiwa da ke ƙorafi in na hau bene da buhun siminti, ita ma ta fara sabawa.

Takardarka ta iso. Wai kwastan sun riƙe kyamarar da na aiko maka, harajin da suka yanka ya fi ƙarfinka, don haka za ka sayar da gonarmu ta Zauro ka fanso ta.

Atiku, wa ya ce in rubuta kuɗin kyamarar ninki biyu a takardar kaya, don masu hoton Birnin Kebbi su gani su sha jinin jikinsu? Kai ne. Ni kuma da furfurata na biye maka. To, kwastan sun fi kowa gaskata mu, a kan wagga ƙarya suka yanka harajin.

Shekara biyu ina cin gurasa da ruwan shayi kafin in saye ta, don haka na fi ka jin ciwo. Amma shinkafar wagga gona ce abincin gidan nan. Na rubuta wa baffanka Dikko, duk wanda ka kai ya duba ta, ya kore shi. In na tara kuɗin, zan aiko. In ban tara ba, su riƙe kyamarar, su yi ta ɗaukar junansu hoto.

Allah ya shirye ka, ya shirye ni.

Mahaifinka,
Abdussamadu