Sikelin Inna

Kawu, da wane ido ka dubi Inna ka karɓe sikelin jarirai daga hannunta?

Yi haƙuri, gaisuwa ya kamata in fara. Ya gida, ya yara? Ni lafiya lau, sai dai maigidan da nake wa aiki a nan ƙasar waje ya riƙe fasfona, siminti kuma ya cinye min tafin hannu. Kada ka gaya wa Inna.

Tun ina yaro Inna da ƙawayenta ke rataya sikelin nan a reshe, suna auna 'ya'yan ƙauye don Allah. Wanda ya rame su ɗaura masa jan zare a hannu, duk matar da ta gan shi ta ciyar da shi. Yanzu kwamitinku na ƙauye ya ce ba su da takardar shaida, kun kulle sikelin a sabon asibitin da ma'aikaciya ba ta ko leƙowa.

Ƙanwata ta ce kullum nauyin ɗanta raguwa yake a bayanta. Ni da ba na iya tahowa, me zan yi? Ihu a takarda?

Allah ya ƙara girma, Kawu. Amma tara matan nan a ƙofar asibitin, ka amsa a gabansu: wa zai auna yaron?