Ni na haife ta, amma Yaya ce likita ke tambaya

Anti, don Allah ki taimake ni, kishin yayata uwa ɗaya uba ɗaya ya hana ni sakat. 'Yata tilo tana da asma. Shagon kitso gare ni, sai magariba nake rufewa, don haka in an tashi makaranta gidan Yaya take wuni. Duk zuwanmu asibiti ana ba mu takardar tambayoyi mai hotunan fuskoki. Yarinya ta nuna fuskar da ta dace da numfashinta, mai dariya ko mai kuka, uwa kuma ta faɗi yawan tari da kukan ƙirji. Da makin amsoshin ne likita ke ƙara magani ko ya rage.

Kullum mai dariya take nunawa, har ana shirin rage mata abin shaƙa. Wancan zuwan kitson wata amarya ya riƙe ni a shago, Yaya ta kai ta, na same su a can. Wai 'yar nan mai kuka ta nuna! Yaya kuma ta zazzage cewa ko tsallen igiya ba ta ƙarasawa sai ta tsuguna. Likita ya juya kujerarsa wajen Yaya, ni ina tsaye riƙe da jaka kamar 'yar rakiya. Har ya ce a riƙa zuwa da Yaya. Ni da na yi naƙuda! Wallahi ko sallamar Yaya na ji raina ɓaci yake. Na ƙudura zuwa na gaba ni da 'yata kawai za mu je, ba zan ma gaya wa Yaya ranar ba. Na yi laifi?

Uwar tilo

'Yar'uwa, zafin da kika ji gaskiya ne, kuma likita bai kyauta ba da ya bar ki tsaye. Amma takardar nan ba jarrabawar uwa ba ce, ƙirjin yarinya ake aunawa. Ke kin san kwananta da tashinta, Yaya ta san guje-gujenta. In kika je ke kaɗai, rabin labari likita zai ji, ya rage magani a kansa, kuma ba Yaya ce za ta sha wahalar numfashi ba.

Ku zauna ke da Yaya kafin ranar, kowa ta kawo abin da ta gani. Ki shiga gaba, ki gaya wa likita ke ce uwa, ki ja kujera ki zauna. Kada a taɓa magani sai da izininsa.

Sannan ki tambayi kanki me ya sa 'yarki take nuna mai dariya in kina wurin. Ina zargin tana ganin yadda kike dawowa a gajiye, ba ta son ƙara miki damuwa. Wannan ba rashin so ba ne. Ki ɗora ta a cinya ki ce mata kina da ƙarfin jin gaskiya, kuma ranar da ta nuna mai kuka a gabanki, kada ki bari ta ga fuskarki ta canza. Allah ya ba ta lafiya, ya bar ku tare da Yaya.