Littafin da Ba Wanda Ya Ara

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya ƙafar Inna, ta yi sauƙi? Ki gaishe min da Baba da yaranki.

Lafiyata lau, sai ɗan ciwon baya, kada ki faɗa wa Inna. Na ji Kawu yana cewa zaman kujera na zo koyo. Wallahi tun da na fara karatun aikin laburaren nan ban karanta littafi ɗaya har ƙarshe ba. Da safe aji, da rana jidon littattafai daga wannan kanta zuwa waccan.

An ce mu zaɓa, ko mu karɓi difloma mu tafi, ko mu zarce digiri. Da difloma, jera littattafai zan yi ta yi har tsufa. Digirin kuwa sai na ƙara shekara biyu, kuma Yaya, na gaji. Ki ji min ta bakin Baba.

Makon nan malamarmu ta koya mana rage kaya: duk littafin da ya daɗe ba wanda ya ara, a sauke shi, komai kyansa. Na sauke wani sabo fil, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Na tsaya riƙe da shi har ta ce, "Ke, ba jariri ba ne, ajiye!"

Don Allah ku riƙa nemana, ko da layi biyu ne. Tun zuwana, kullum ni ke fara rubutowa.

Allah ya bar zumunci.

Taki,
Auta