Ku Janye Igiyar Awo Daga Ganuwar Yamma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumarmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni magini ne, ɗan garinku, ina zaune a Al-Oud cikin Riyad. Da kunya nake rubuta wannan takarda, domin mai laifi ne ya kawo ƙara.

Na ɗaya. Shekara huɗu ke nan kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana a nan, ya sa ni aikin gyaran wani tsohon gari na ƙasa a bayan Riyad. A nan ko jingina da bango ba a bari mu yi. In ɓarɓashi ya faɗo, sai an ɗauki hotonsa kafin a taɓa. Da farko dariya nake yi, ina cewa Larabawa sun rasa aikin yi.

Na biyu. Wata rana muhandis ɗinmu, wato injiniyan aikin, ya yaba hannuna. Bakina ya ja ni, na cika masa kunne da ganuwarmu da gwalalon da kakanni suka haƙa kewaye da ita. Ya nemi hoto. Ƙanena ya turo, na duba, na ga juji da ramuka. Sai na ce wa muhandis wayata ta lalace.

Na uku. Ramukan nan na san su. Ni na haƙa wasu, ina saurayi, don ƙasar ganuwa ta fi kowace daɗin tubali. Ba wanda ya hana ni, har masu unguwa sun saya.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Ɗan guntun ganuwar da ya rage ta yamma, an ce ofishinku ya sa masa igiyar awo za a yanka filaye bayan damina. Sunana yana cikin jerin waɗanda za a ba filayen. Ni na roƙa, ban tambayi inda filin yake ba.

Ranka ya daɗe, ina roƙon a dakatar da awon, a kewaye wurin, a kira masana tarihi su duba shi. A soke sunana tun yanzu. Ba ni da wani filin, iyalina gidan haya suke. Maiɗakina ba ta san na yi wannan ba, a wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa ita ma za ta karanta.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya, ya yafe mana abin da hannuwanmu suka rushe.

Wassalam.
Ɗanladi Magini, Riyad