Na Shiga Layin Celestine

Samaru, Zariya
14 ga Maris, 2006

Zuwa ga Yaya Othniel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Janet, da zafin Fatakwal. Mama ta samu sauƙin ƙafar, har ta koma zumuntar mata. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.

Saƙonka ya iso, inda ka ce in je in ba ciyaman ɗinmu na 'yan acaɓa haƙuri, in ce kuskuren layi na yi. Yaya, ban yi kuskure ba. Ka san zaɓenmu babu takarda, ɗan takara ne zai tsaya kowa ya bi bayan wanda yake so, rana tsaka, a bakin tasha. Shekara huɗu muna gunaguni a ɗaki cewa ciyaman yana ƙwace rigar aiki a hannun duk wanda ya yi masa musu, amma ran Asabar mutum saba'in suka bi bayansa, kansu a ƙasa. Ni na taka zuwa bayan Celestine, mai takara da shi. Da na waiwaya sai ga Dele na Sabon Gari, wanda kullum muke faɗa kan fasinja, ya ce in matsa gaba, ba ni kaɗai ke da zuciya ba. Mu tara muka tsaya. Ciyaman ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana karanta lambar rigunanmu da ƙarfi.

Ka ce ra'ayina nawa ne, in riƙe shi a ciki ba mai hana ni. Na daɗe ina juya maganar nan a kan mashin. Abin da ke cikina ko matata ba ta gani, bai taɓa hana a ƙwace rigar kowa ba. Sai da na tsaya inda ido ke ganina na san akwai mu. In na ce kuskure ne, mutum takwas na mayar maƙaryata.

Ran Litinin za a sabunta riguna, kuma wanda ba shi da riga ba ya ɗaukar ko ɗalibi ɗaya a ƙofar jami'a. An ce sunana ne na farko cikin waɗanda za a hana. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye maka ba, ga matata Diana da cikin wata bakwai. Mun shirya mu tara mu shiga ofis tare, kowa ya faɗi sunansa da bakinsa. Don Allah kada ka aika kowa ya roƙar mini. Addu'a nake so.

Ka gaida Anti Janet da Marvellous. Mama ba ta sani ba tukuna, ni zan gaya mata da kaina.

Ƙaninka,
Japheth