Ƙwallon Da Na Taɓa Ta Ƙarƙashin Abaya

Assalamu alaikum Anti da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk mai shirin yi min wa'azi ya bari in kai ƙarshe tukuna, domin raina a ɓace yake, ni kaina ban san da wa na fi fushi ba.

A Makka aka haife mu, a unguwar Rusaifa muke zaune, iyayenmu Kanawa ne. Ina da ƙanwa, zan kira ta Hanan. Golf take bugawa, wasan nan da ake dukan 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne ya ci. Malamarsu ce ta fara kai su fili a Jidda tun tana sakandare, aka ga hannunta na da kyau. Babu irin gorin da ba mu sha ba a unguwa. Ni na tsaya mata a gaban Baba, ni nake rufe shagon ɗinkina in bi ta Jidda ina saɓa jakar sandunanta, tunda ba mu da halin ɗaukar mai yi.

Watan jiya aka yi gasar zaɓen waɗanda za su shiga sahun ƙwararru, gurbin ƙarshe ya rage tsakanin Hanan da wata yarinya Balarabiya. Muna tsaye rana na dukanmu, uwar yarinyar nan ta miƙo min jakar hannunta, ko fuskata ba ta kalla ba, ta ce, "Ya bint, ke yarinya, riƙe min." Na ce ni ba 'yar aikinta ba ce, yayar 'yar wasa ce. Sai ta juya wajen ƙawarta tana dariya: "Masha Allah, yanzu har takari sun fara golf." Anti, a ƙasar da aka yanke min cibiya? Uban wa ya gaji filin? Na haɗiye maganar.

Ana dab da gamawa Hanan ta yi bugu, ƙwallon ta karkace ta shige gindin wata ƙaya. Na riga kowa isa wurin. Ko makaho ya san sai ta yi asarar bugu kafin ta fito da ita. Na waiga, na hango matar nan tana murmushi. Abayata doguwa ce, har ƙasa take ja. Na tsaya kamar ina gyara jaka, na sa babban yatsan ƙafata na turo ƙwallon fili. Hanan ta iso tana haki ta ce, "Yaya! Wallah na ga ta shige ƙayar nan, kef, ta yaya ta fito?" Na ce, "Yalla, ki buga kawai." Da tazarar bugu ɗaya ta ci. Yarinyar da aka kayar ta zo ta rungume ta, tana hawaye tana ce mata mabruk. Ita me ta yi min? Uwarta ce ta zage ni, ita na yi wa sata. Ina jin kunyar wannan, ba zan ɓoye ba.

Amma wallahi har yanzu haushi nake ji. Ina jin haushin matar da ta ingiza ni, ina jin haushin kaina, har Hanan ma haushinta nake ji, saboda na san halinta. Bara ƙwallonta ta ɗan motsa, babu wanda ya gani, ta je ta kai ƙarar kanta aka ƙara mata bugu. Na yi ta masifa a mota, ta ce, "Yaya, khalas, ya isa. A wasan nan babu alƙalin da ke bin ka, kai ne alƙalin kanka." To irin wannan mutum idan na faɗa mata, kafin in rufe baki ta kira masu gasar ta mayar musu da gurbinsu. Wa zai sake yarda da ita? Ai cewa za su yi, daman mun faɗa, haka takari suke.

Abin da ya fi ci min rai, ita ta ɗauka addu'ar Umma ce ta fito da ƙwallon, kuma duk wanda ya shigo gidanmu sai ta ba shi labari. Umma ta yi waina ta raba sadaka. Baba da ya rantse 'yarsa ba za ta riƙe sanda ba, yanzu yawo yake da hotonta a waya. Ni kuwa abayar nan na cusa ta ƙasan akwati, na kasa sake sa ta.

Jiya Hanan ta same ni a shago ta ce ranar Juma'a za mu yi umarar godiya, mu biyu kawai. Ta ce, "Ke kika ɗauki jakata, Yaya, ke za ki riƙe hannuna a ɗawafi." Idan na yi magana, na rusa abin da ta gina da guminta. Idan na yi shiru, zan kewaya Ɗakin Allah tana gode Masa a kan abin da ƙafata ta yi. Jibi ne Juma'a. Don Allah jama'a, me zan yi?