Garwashin Lofenka

Baba,

Ina gaishe ka. Yaya gajiya? Ka ga, hannuna ya rubuta gaisuwar kafin hankalina ya tuna masa ba za ka karanta ba. To, na bar ta. Shekara biyu ke nan da muka rufe ka, amma har yau in labari ya same ni, kai nake fara nema.

Zuru lafiya. Damina ta yi kyau, dawa ta cika rumbu. Ƙafar Mama na damunta, amma ba ta fasa zuwa zumuntar mata a coci ba. Yaya Ishaya na nan yana kabu-kabu tsakanin Zuru da Mahuta. Matarsa ta haifi namiji, an sa masa sunanka, Mama ba ta iya kira sai ta ce Soja. Tabarka ma na nan, kunya huɗun nan na bayan rumbu. Na zaci za ta bi ka, ashe Yaya ne ke kula da ita. Shi ya gaji lofen.

Ka tuna aikina na farko a duniya? In ka dawo gona ka zauna gindin mangwaro, ka danna taba a lofe da babban yatsa, ni ke rugawa murhun Mama in ɗauko garwashi a tsingaro, ina hurawa a hanya kada ya mutu. Ba ka yarda kowa ya kawo sai ni, wai nawa ya fi kamawa. Kai, yadda kaina ke kumbura! Kullum kana cewa sigarin kanti ne guba, shi ya sa ka bar shi a bariki. Ta gona kuwa ganye ce kamar rama, kai ka shuka, kai ka shanya, ba hannun kamfani a ciki. Duk unguwa haka ake faɗa. Ni ma na yarda, kuma ko bayan karatu wani lungu na zuciyata bai daina yarda ba.

Ba ka taɓa gane aikina na yanzu ba. Ka gaya wa abokanka ɗiyarka likita ce, na ƙyale ka. Gaskiyar ita ce kiwo nake yi. Muna rainon ƙwayoyin halitta irin waɗanda suka shimfiɗe cikin huhun mutum, a ƙananan farantai masu murfi, cikin ruwan abinci ja-ja, a akwati mai ɗumin jiki. Ido ba ya ganinsu sai da madubin ƙara girma. Sai mu ƙona taba, mu zuƙo hayaƙin ta cikin ruwa, mu ɗiga musu, mu ga yadda za su yi.

Bayan jana'iza na saci ƙullin tabarka daga aljihun tsohuwar rigarka ta soja. Na ce wa malamata mai kula da aikina ina so in gwada ta gida da ta kanti. Rabin gaskiya na faɗa mata. So nake farantin ya wanke ka, ya wanke ni. In ta gona ba ta da laifi, to garwashina ma ba shi da laifi.

Ranar da na ƙona ta, duk da injin da ke janye hayaƙi, ɗan wari ya kuɓuce. Baba, kai ne ka shigo ɗakin. Inuwar mangwaro, gumin gona, gyaran muryar nan taka kafin magana. Na tsaya da safar hannu ina kuka, ba halin share hawaye. Ta yaya mutum zai yi kewar warin abin da ya cinye ubansa? Amma ina kewarsa, Allah ya sani.

Muna da wani rini da ke haske kore idan ƙwaya ta shiga wahala. Farantin ta kanti ya kama kore. Naka ma ya kama. Na sake, na kuma sakewa, ina roƙon ya ba ni wata amsa, ya ƙi.

Abin da ya fi taɓa ni, ƙwayoyin ba shiru suke yi ba. Hayaƙi na taɓa ƙwaya sai saƙo ya tashi zuwa cibiyarta, ta shiga haɗa sinadaran kare kai. In abin ya fi ƙarfinta, ta saki wani sinadarin na kiran agaji. A jikin mutum shi ke zama kumburi da majina. Wadda ta lalace ƙwarai sai ta naɗe ta mutu don kada ta ɓata saura. Kai soja ne, ba sai na yi maka bayani ba. Shekara da shekaru huhunka na aiko da saƙo, mu muna cewa sanyin damina ne, Mama na dafa maka citta.

Me ya hana ni magana? Tun ina jami'a na san abin da ya isa in tsorata. Na ce kunya ce, ɗiya ba ta ce wa uba ajiye. Ba ita kaɗai ba ce. Ko da na girma, ina son in ga ka miƙo lofen nan wajena.

Saura abu ɗaya. Wasu farantan na canza musu ruwa da wuri, na daina ɗiga musu. Bayan kwanaki ƙwayoyi da yawa suka farfaɗo, suka rufe gurbin da ya buɗe. Malamata kullum tana ja mini kunne cewa faranti ba mutum ba ne. Na ji. Amma Yaya bai kai shekara arba'in ba, kuma ranar sunan ɗansa na ji tarinsa. Naka ne sak. Ya zauna a kujerarka, ya ɗaga mini lofen yana dariya, wai mai garwashin Baba ta dawo gida. Kafin in ankara ƙafata ta kama hanyar murhu. Na tsaya a ƙofar madafa, na yi kamar Mama ce ta kira ni. Ban kawo ba, amma ban ce komai ba, kamar dai da.

Ranar Asabar zan koma Zuru. Zan zaunar da ɗanka in ce masa ubanmu ya yi kuskure. Ban taɓa furta wannan ba, shi ya sa na fara sanar da kai. Zai yi fushi, ya yi. Soja ƙarami na buƙatar uban da zai ga aurensa, abin da ni ban samu ba.

Ragowar ƙullin na cikin akwatina. Ba zan ƙona ba. In kewa ta yi yawa sai in kwance in sansana in ɗaure.

Ka huta lafiya, Baba. Ka yafe mini shirun da na yi, ka yafe mini maganar da zan yi.

Ɗiyarka mai kawo garwashi, wadda ta ajiye tsingaro,
Rifkatu